Tashoshin ruwanmu a hannun baƙi: tambayoyin da ake yi mini a Jos da amsoshinsu

Na yi shekaru ina aikin fiton kaya a tashoshin ruwan Apapa da Tin Can na Legas kafin in tattaro in dawo gida Jos. Tun dawowata, duk ranar da wani saƙon murya ya zagaya a WhatsApp cewa an sayar wa Chaina tashar ruwan Najeriya, a kaina ake saukewa a majalisarmu ta bayan la'asar a Dilimi. Masu kayan gyaran mota, 'yan gwanjon Katako, direbobin tirela, kowa da tasa tambayar. Ga waɗanda aka fi maimaita mini, da amsar da nake bayarwa.

Da gaske ne an sayar da tashoshin ruwan Najeriya?

Ba a sayar ba. Filin, da bakin ruwan, da mashigin da jirage ke bi, duk na gwamnatin tarayya ne a hannun NPA, hukumar kula da tashoshin jiragen ruwa ta ƙasa. Abin da aka yi a 2006, zamanin Obasanjo, shi ne an yanka tashoshin Legas, Fatakwal, Onne, Warri da Kalaba sashe-sashe, sama da ashirin, aka ba kamfanoni haya su gudanar, wasu na shekara 10, wasu har 25. Kamfani ya kawo injinan ƙugiya, ya sauke kaya, ya ajiye, ya karɓi kuɗin aikinsa, ya biya NPA haya.

'Yan jarida kan ce an "jinginar", kuma kalmar ce ke tayar wa mutane da hankali, domin a wurinmu jingina ita ce ka karɓi kuɗi ka ajiye gonarka. Wannan haya ce. Sai dai kada a raina ta. Yaron da aka raɗa wa suna ranar da aka sa hannu kan hayar shekara 25, yana iya yin aure har ya haihu kafin ta ƙare.

Su wa ke riƙe da su yanzu?

Babbar tashar kwantena ta Apapa tana hannun APM Terminals, reshen kamfanin Maersk na ƙasar Danmak, kuma su ne da tashar kwantena ta WACT a Onne. A Tin Can, tashar kwantena ta TICT ta daɗe a hannun Bolloré na Faransa tare da China Merchants, har zuwa ƙarshen 2022 da kamfanin MSC mai hedikwata a Suwizalan ya saye harkokin Bolloré na Afirka gaba ɗaya. PTML, inda motocin tokumbo ke sauka, ta Grimaldi ce ta Italiya. Akwai na gida ma: Dangote na da sashensa a Apapa, BUA na da nasa a Fatakwal, ga ENL da SIFAX.

Tashar Lekki, wadda Buhari ya buɗe a Janairun 2023, tata ta bambanta, domin daga tushe aka gina ta da kimanin dala biliyan 1.5. China Harbour na da kashi 52.5 cikin ɗari, Tolaram na Singafo, masu hannu a taliyar Indomie, na da 22.5, Jihar Legas 20, NPA kuma kashi 5 kacal. Wa'adin shekara 45 ne, kuma reshen CMA CGM na Faransa ke sarrafa kwantenonin.

Ku lura da cinikin Bolloré ɗin nan. A Turai aka yi shi, amma washegari tasha a Legas ta wayi gari da sabon uban gida.

Kawu, mu da ko ƙamshin teku ba ma ji, ina ruwanmu?

Wani ɗan ƙanena mai shagon kayan Toyota ne ya yi mini wannan tambayar, yana zaune a kan kwalin shokozoba. Na ce masa ya juya kwalin ya karanta inda aka yi shi. Daga Chaina. Na ce to ta ina ya biyo? Duk kwanan da kwantenar ta yi a tasha ana lissafa mata kuɗin kwana, kuma wannan kuɗin ba ejan mai fito da kayan ke biya ba, ba mai shago ba, mai tasin da zai zo gyara gobe ne. Haka sinadarin takin da manomin dankali a Bokkos ke jira, wanda ake kawo wani ɓangarensa daga Maroko, haka alkamar burodin da ake karya kumallo da shi a Gangare.

Jos kuwa ta fi kowa sanin wannan. Kuzar da aka haƙa a nan jirgin ƙasa ne ya kwashe ta zuwa bakin teku, da farko ta ƙaramin layin Zariya, daga 1927 kuma ta Kafanchan zuwa Fatakwal. Sunan unguwar Taminus ta tsakiyar Jos ma daga nan ya samo asali, ƙarshen layin dogo. An gina garin nan yana fuskantar tashar ruwa, ko da ba ya ganinta.

Akwai kuma abin da ya fi farashi nauyi. Mu a Filato mun binne mutane da yawa saboda bindiga. Duk ƙofar da makami ke iya shigowa ta cikinta, tamu ce, komai nisanta.

Me ya hana gwamnati gudanar da abinta da kanta?

Ta gwada, kuma waɗanda suka ga zamanin ba sa kewarsa. A 1975 ɗaruruwan jirage ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a gaban Legas wata da watanni, har siminti ya daskare a cikin wasu. Cunkoson nan ne ya sa aka gina Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Kafin 2006 jirgi kan yi makonni yana jiran wurin tsayawa, injinan ƙugiya a lalace, ɓerayen tasha kuma suna kwance wa mota fitila da rediyo kafin mai ita ya gan ta. Gaskiya ɗaya ce: sauke kaya daga jirgi ya yi sauri bayan zuwan kamfanonin, sata a cikin fili ta ragu ƙwarai. Duk wanda zai yi maganar tsaro da adalci sai ya fara amincewa da wannan.

To ina haɗarin yake, in dai suna aikin da kyau?

Wanda ke riƙe da ƙofar gida ya san mai shiga da mai fita, ko da bai taɓa leƙa ɗaki ba. Kowace kwantena tana da takarda: wa ya aiko, wa zai karɓa, me ke ciki, nawa ne nauyinta, yaushe za ta fita. A da a fayil ake ajiye wannan. Yanzu yana cikin kwamfutar kamfanin da ke gudanar da tashar, kuma kwamfutar tana haɗe da hedikwatarsa a ƙasar waje. Wanda ya tara bayanan shekara goma ya san yawan alkamar da muke ci, da maganin da ba mu iya yi, da kayan aikin da sojojinmu ke sayowa da lokacin isowarsu. Ba sai kamfani ya yi mugun nufi ba. Ya isa a ce gwamnatin ƙasarsa ta nemi bayanan, shi kuma ba ya da ikon cewa a'a. Wannan ne ya fi damuna, kuma shi ne aka fi yin shiru a kansa, saboda ba ya ɗaukar hoto kamar bindiga a kan tebur.

Sai kuma tsayawar aiki. A watan Yunin 2017 wata cutar kwamfuta da aka saki a kan Yukiren ta bi layi ta shiga Maersk, tashoshinsa a ƙasashe da dama suka tsaya cak, aka koma rubutu da biro. Kamfanin da kansa ya ce asarar ta kai kusan dala miliyan 300. Ba shi aka nufa ba, rigimar wasu ce ta faɗa masa. Idan yawancin kwantenonin ƙasa suna bi ta hannun kamfanoni uku ko huɗu, rigimar da ba tamu ba tana iya rufe mana ƙofa.

Wanda ke shakkar cewa tasha makami ce ya tambayi 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, aka rufe iyaka, kayansu suka maƙale a Kwatano, magani da abinci suka yi tsada, sai da aka koma zagaye mai nisa ta Lome da Burkina Faso. A Mayun 2024 kuma Jamhuriyar Binin ta hana loda ɗanyen man Nijar a bakin ruwanta na wani lokaci. Can gwamnati ce ta rufe, ba kamfani ba, amma darasin bai canza ba: abincinka na hannun mai mabuɗi.

Tsoron da mutanenmu ke yi kuma ba daga iska ya zo ba. Kamfanin Royal Niger da ciniki ya fara a bakin kogi. A 1886 ya samu takardar izinin mulki daga Ingila, ya kafa sojojinsa, yana karɓar kuɗin fito, a farkon 1900 ya miƙa wa gwamnatin Ingila ƙasar. Shekara uku bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗi. Zamani ya canza, amma ba na ganin laifin dattijon da ya ji an ce kamfanin waje ya karɓi bakin ruwa gabansa ya faɗi.

Makaman da ake kamawa a tasha, kamfanonin ne ke shigo da su?

A nan nake rabuwa da masu saƙon murya. Kamfanin da ke gudanar da tasha ba ya buɗe kwantena, ba ya ba ta izinin fita. Aikinsa ya sauke ta, ya ajiye, ya kawo ta wurin bincike idan an nema. Bincike da saki aikin Kwastam ne, tare da DSS, da NDLEA, da NAFDAC, da sauransu, kuma dukansu 'yan ƙasa ne.

A Oktoban 2010 an gano kwantena 13 a Apapa cike da rokoki da gurneti daga Iran, an rubuta musu kayan gini. A 2013 kotu ta ɗaure wani ɗan Iran da wani ɗan Najeriya shekara biyar-biyar. A 2017 an kama bindigogi 2,671 a kamu huɗu a Legas, kuma kamun farko, guda 661, sun riga sun fita daga tasha, a kan titi aka tare motar. A tsakiyar 2024 aka kama bindigogi 844 da harsasai 112,500 a Onne, daga Turkiyya. Kwantenar da ta fita da bindiga 661 ba ta yi fiffike ba, takarda aka sa mata hannu. Da ɗan gari akan ci gari.

Bari in faɗa muku yadda binciken hannu yake, don na tsaya a kansa sau ba adadi. A yanke hatimin, a buɗe ƙofa biyu, zafi ya bugo ka kamar an buɗe tanda. Kwantena mai ƙafa 40 ce, cike har rufi. Leburori su sauke layi biyu ko uku na gaba, a farke kwali huɗu, a duba. Rana ta take, akwai wasu kwantenoni da yawa a layi, kowane ejan yana roƙon a zo kan tasa. Abin da ke can ƙuryar, bayan ƙafa talatin na kaya, sai Allah. Na taɓa tsayawa a kan kwantenar wani Alhaji, kayan gyaran babur, aka rufe ta ba a kai ko rabi ba. Kayansa halal ne, na sani. Amma a hanyar komawa masauki abin da ke raina shi ne, wanda ya rufe ta bai sani ba.

Maganin wannan na'urar haska kwantena ce mai aiki kullum, da jami'in da ya san za a kama shi idan ya karɓi na goro. Ko gobe aka kori kowane Bature da kowane ɗan Chaina, ƙuryar kwantenar nan tana nan yadda take.

Chaina za ta iya ƙwace Lekki idan aka kasa biyan bashi?

Bashin dala miliyan 629 da aka gina Lekki da shi daga Bankin Raya Ƙasa na Chaina, kamfanin tashar ne ya ci, kuma China Harbour ce ma mai kaso mafi tsoka a kamfanin. Wato ba sai ta ƙwace ba, rinjayen na hannunta tun ranar farko, har wa'adi ya cika. Filin kuwa yana cikin Najeriya, ƙarƙashin dokar Najeriya, sojan ruwanmu da Kwastam ɗinmu ne a bakinsa.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Hambantota a Siri Lanka. Abin da ya faru a 2017 shi ne bashin ƙasashen waje ya shaƙe gwamnati, tana neman dala ido rufe, sai ta ba China Merchants hayar tashar na shekara 99 a kan dala biliyan 1.12. Ba a zo da dare an karɓe ba, mai gida ne ya miƙa da hannunsa saboda matsi. A Agustan 2022 wani jirgin Chaina mai bin diddigin taurarin ɗan'adam ya tsaya a can, Indiya ta nuna ɓacin ranta, Siri Lanka ta rasa wanda za ta faranta wa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin tsoro a bashi ke nan: ranar da za ka so cewa a'a, sai ka tarar bakinka ya yi nauyi.

A 2020 Majalisar Wakilai ta tayar da ƙura kan wani sashe a yarjejeniyar bashin Chaina da ke cewa Najeriya ta yafe kariyarta ta ƙasa mai 'yanci. Irin wannan sashe ana sa shi a basussukan ƙasa da ƙasa don a iya kai ƙara gaban masu sasanci. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne 'yan majalisa sun gano shi ne bayan an daɗe da sa hannu.

Manyan ƙasashe suna barin baƙi su riƙe musu tasha?

Suna bari, amma da ido a buɗe. A 2006, shekarar da muke raba namu, DP World na Dubai ya sayi kamfanin P&O na Ingila, wanda ke aiki a manyan tashoshin Amurka shida. Majalisar Amurka ta yi tsalle ta dire, dole DP World ya sayar da wannan ɓangaren, kuma a 2007 suka ƙara wa kwamitinsu mai tace jarin baƙi ƙarfi. A 2021 Cosco na Chaina ya nemi kashi 35 a wata tasha a Hambug, a 2022 gwamnatin Jamus ta ce kada ya wuce 24.9, don kada ya samu ikon hana yanke shawara.

Mu dokarmu ta zuba jari ta 1995 ta yarda baƙo ya mallaki kamfani ɗari bisa ɗari, ban da 'yan harkoki kaɗan irin su ƙera makamai. An yi ta ne lokacin da muke roƙon masu jari su zo, ba a yi ta da tunanin wa zai riƙe mana ƙofa ba.

Me zai hana a soke hayar a kore su?

Jibuti ta yi haka a Fabrairun 2018, ta karɓe tashar Doraleh daga DP World. Kotun sasanci a Landan ta yi ta yanke hukunci a kanta, ana bin ta ɗaruruwan miliyoyin dala. Ƙasar da ta yaga takardar da ta sa wa hannu, mai jari na gaba zai tsawwala mata. Ba na goyon bayan wannan hanya.

Da a ce duk 'yan Najeriya ne ke riƙe da su, ba shi ke nan ba?

Zai rage wata damuwar, ba duka ba. Ɗan ƙasa ba ya da wata gwamnati a bayansa da za ta ce ya miƙo bayanai, kuma ribarsa ta fi zama a gida. Ina son ganin hannun 'yan ƙasa ya ƙaru a tashoshin kwantena, inda kuɗin yake. Amma ɗan ƙasa mai uwa a gindin murhu yana iya fin baƙo wuyar tanƙwarawa, domin baƙo ana iya yi masa barazana da wa'adi, shi kuwa waya ɗaya zai buga Abuja. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon a nan shi ne mai sa ido, ba fasfon ɗan haya ba.

To me ya kamata mu nema?

Lokacin magana yanzu ne. Hayar shekara 25 da aka fara a 2006 za ta cika a 2031, kuma tun kafin ranar ake zaman sabuntawa. Wasu gajerun ma sun riga sun ƙare, aka yi ta ƙara musu wa'adin wucin gadi.

Abu na farko, a buga yarjejeniyoyin kowa ya karanta. Muna da Dokar 'Yancin Samun Bayanai tun 2011, kuma ban ga dalilin da hayar dukiyar jama'a za ta zama sirri ba. A rubuta a ciki cewa bayanan kayanmu a Najeriya za a ajiye su, hukuma na da ikon dubawa. A rubuta cewa idan uwar kamfani ta canza hannu a Turai ko Asiya, sai an nemi yardarmu an tace sabon mai shi. A rubuta cewa ranar yaƙi ko annoba gwamnati na iya karɓar ragama nan take, kuma a horar da 'yan ƙasa da za su iya tuƙa injinan da kwamfutar idan baƙin suka hau jirgi suka tafi. Kada kuma a bar kamfani ɗaya, ko kamfanonin ƙasa ɗaya, su haɗa Apapa da Lekki da Onne.

Tun 2023 akwai ma'aikata ta musamman mai kula da harkokin teku, ga Majalisar Masu Fiton Kaya da aka ɗora wa sa ido kan farashi tun 2014. Sanatocinmu uku da 'yan majalisar wakilanmu na Filato suna da ikon kiran su su yi bayani. Idan sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su wannan tare da maganar taki da hanya.

Ina labarin tashar tsandauri ta Heipang?

Tana cikin guda shida da aka amince da su a 2006, tare da Kano, Funtuwa, Maiduguri, Ibadan da Isiala Ngwa. Manufar ita ce kwantena ta taso daga bakin ruwa a rufe, a buɗe ta a nan, a yi fito a nan. Kaduna ta buɗe tata a 2018, ta Dala a Kano a 2023, Funtuwa a 2024. Tamu, da ke ƙaramar hukumar Barikin Ladi kusa da filin jirgin sama, an daɗe ana jiran ta kama aiki gadan-gadan, kuma ba za ta yi armashi ba sai layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya dawo da rai.

Ina son ta da gaske, domin za ta raba ɗan kasuwar Jos da kwanan Legas da kuɗin masauki da 'yan tare hanya. Amma duk abin da na faɗa a sama zai biyo kwantenar har gida. Ranar da ta fara aiki, akwatin da aka rufe a Guwanzu ta Chaina ko Istanbul ba za a buɗe shi ba sai a tsakiyar Barikin Ladi, yankin da ya sha zubar da jini. Shi ya sa da Alhajin da ke kusa da ni a majalisa ya ce shi dai a buɗe ko wa zai riƙe, na ce masa: Alhaji, a buɗe, amma a fara kafa na'urar haska kaya kafin a kafa allon suna, kuma a gaya mana wanda zai riƙe mabuɗin da shekarun da aka ba shi.